Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Wakilan Gusau, Tsafe da Bunguɗu a Majalisar Dokokin Jihar Zamfara

Masu girma wakilanmu,



Muna rubuto muku daga Damba. Kujera 24 ce a majalisarku, shida daga ciki na ƙananan hukumominmu uku ne, amma talaka ba ya ganinku sai zaɓe ya ƙarato.

Hanyar Gusau zuwa Tsafe ta zama abin fargaba. Manoma sun bar gonakinsu. A Satumban 2023 'yan bindiga suka kwashe ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a Sabon Gida. Ga shi rikicin shugabanci ya raba kan majalisa a 2024.

Sashe na 128 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba ku ikon bincikar yadda gwamnati ke kashe kuɗi. Don haka muna roƙonku:

Ku binciki kuɗin da ake warewa tsaro, ku bayyana sakamakon.

Ku buɗe ofis a kowace mazaɓa.

Ku zauna da jama'a kafin amincewa da kasafin kuɗi.

Ku tuna, sashe na 110 ya ba mu damar yi muku kiranye. Amana kuka ɗauka, Allah Ya ba ku ikon sauke ta.

Wassalam,
Mazauna Damba, Gusau