Famfon Mai da Motar Lodi: A Auna Kafin a Saya

 Yau za mu taɓo motar da ke kawo mana kaya, don duk farashin da muke bugawa a shafin nan akwai kuɗin mota a cikinsa. Buhun gero da ya taso daga Ɓagwai ko Tsanyawa zuwa Dawanau, da kwandon tumatir na bakin madatsar Watari ko ta Tomas da za shi 'Yankaba, duk a kan ƙafa huɗu suke zuwa. In mota ta kwana a hanya, hatsi ya jira, amma kayan gwari ba sa jiran kowa.

Kowa ya san motocinmu na lodi ba yadda suka fito daga kamfani suke ba. Golf ce ko Sharan, an cire kujerun baya, an ƙara sifirin, wata ma an sauke mata inji an ɗora wani. To, yanzu wata al'ada ta shigo. Da mota ta fara shaƙewa a kan tudu, sai a ce a sa mata babban famfon mai, irin na motocin tsere, wai za ta ƙara ƙarfi. Mu dai a namu ganin, wannan sayen wahala ne da kuɗi, sai fa in awo ne ya nuna ana bukata.

Ga dalili. Aikin famfo shi ne ya ɗebo fetur daga tanki ya miƙa wa inji. A zamanin Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, famfon a jikin inji yake, injin ne ke motsa shi, yana ba kafireta mai a hankali. Motocin yanzu masu injekta kuwa, famfonsu na lantarki ne, yawanci yana nutse cikin tanki. Kowane inji da matsin man da yake so. Makanikai suna auna shi da agogo, ma'aunin kuwa bar suke ce masa. Kafireta ba ta son ya kai rabin bar. Mai injekta guda ɗaya, irin wasu Golf 3, wajen bar 1 take so. Mai injekta a kowace silinda kuwa, wajen bar 3. Ka ga ke nan famfo ba riga ba ce da za a ce kowa ya samu ya sa.

Shi famfon tseren da ake yayi, shahararrensa na Walbro ne, mai tura lita 255 a awa guda. A Amurka da Turai masu gyara mota don gudu suke sa shi, bayan sun ƙara wa inji ƙarfi ya kai na doki ɗari huɗu ko biyar. Golf 3 mai inji 1.8 kuwa, ƙarfinta bai wuce na doki 90 ba, ko an take totur har ƙasa ba za ta sha lita 40 a awa ba. To ina sauran man zai tafi? Akwai wani ɗan ƙarfe mai daidaita matsi, shi ke mayar da rara cikin tanki. In rarar ta fi ƙarfinsa, matsi ya hau, mai ya yi wa inji yawa. Daga nan sai baƙin hayaƙi a salansa, fulogi ya yi baƙi, fetur ya zurara ya tsinka baƙin mai. Ƙarfi bai ƙaru ba, shan mai ne ya ƙaru. Tun kuwa da aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ba ta kuma koma inda take ba. Wanda ya yi wasa da fetur yanzu, da jarinsa yake wasa.

Wata ɓarnar ma ta fi wannan. Sau da yawa in injekta ta dami mai mota, sai ya ce a mayar masa da ita kafireta. A yi hakan, a bar famfon injekta a tanki. Matsi ya rinjayi allurar kafireta, mai ya yi ta tumbatsa a kan inji mai zafi. Haka nan babban famfo ya fi jan wuta. In aka bar masa siririyar waya, fis ya riƙa ƙonewa, sai yaron gareji ya naɗa waya a gurbin fis. Wasu kuma su ɗaure famfo a waje da robar taya, tiyon ruwa a madadin tiyon mai, kusa da salansa. Wasu su ajiye galan cikin mota su ja tiyo, alhali ga fasinja zaune a kan buhu. Fetur da tartsatsi a wuri guda, ai ba sai an faɗi ƙarshen labari ba.

Wani zai ce, to wanda ya ɗora inji babba fa? Wannan yana da gaskiya. In inji ya fi famfo, mai ba zai ishe shi ba a lokacin da lodi ya yi nauyi, sai ya ɗau zafi, ya riƙa ƙara, har fistin ya ƙone. Irin wannan mota dole a sauya mata famfo. Amma a sa wanda ya dace da sabon injin, tare da mai daidaita matsinsa, da matacinsa, da waya mai kauri, da rile da fis na ƙwarai. Rabin aiki shi ke kashe mota.

Sau da yawa ma famfon ba shi da laifi. Ƙurar hanyoyinmu da man jarka na 'yan bumburutu su ke toshe mataci, famfo ya yi ta nishi har ya mutu. Ba mu manta ba, a farkon 2022 an shigo da fetur daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam mai yawan sinadarin metanol, motoci da dama suka lalace. Sa'an nan ga halin direbobinmu na yawo da ɗan mai a gindin tanki. Famfon ciki, fetur ɗin da ya nutse a ciki ne ke sanyaya shi. Wanda kullum allurarsa ke kan ja, shi ke gasa famfonsa da hannunsa, ya kuma sa shi zuƙar dattin ƙasan tanki.

Saboda haka ga shawararmu. Mai mota, kafin ka doshi Ƙofar Ruwa, ka sa a sauya mataci, a duba waya, a ɗora agogo a auna matsi, mota na tsaye da kuma an taka ta. Makaniken da ba shi da agogo, canki-canka yake yi da kuɗinka. In za ka saya, ka tafi da tsohon famfon ko lambar injin, a gwada sabon a gabanka, ku yi sharaɗin mayarwa in bai yi ba. Kada tanki ya sauka ƙasa da kwata.

Ku kuma masu sayar da kayan gyara da dillalan mota, amana tana wuyanku. In na gwanjo ne ku ce na gwanjo ne, in jabu ne cikin kwalin Bosch kada ku sayar. In an sauya wa mota inji ko an mayar da ita kafireta, a gaya wa mai saye tun kafin a sallama. La'adar rana ɗaya ba ta kai sunan mutum a kasuwa ba.

Mu fatake kuma, mu rage matsa wa direba ya ɗora buhun da ya fi ƙarfin mota don a rage kuɗin sawu. Yawan lodin nan shi ke tura su neman ƙarfin da inji ba shi da shi. Shugabannin tasha a Bichi da Ɗambatta da Dawanau su hana lodi ga duk motar da ke warin fetur ko ke shan mai daga galan. Gara kaya su bi mota ta gaba da a kwashe toka a gefen titi.

Allah Ya tsare hanya, Ya ba da kasuwa mai albarka.