Da Motar Yaya Ta Daku, Sai Muka Tuna da Takardar Inshora

Yau a yi min afuwa zan ɗan ratse daga harkar adabi, kodayake ba nisa zan yi ba, domin a cikin littattafanmu na fara lura da abin da zan yi magana a kai. Da wuya ka karanta labarin soyayya uku ba ka ci karo da haɗarin mota ba. Gwarzon labari ya baro wajen zance ransa a ɓace, ya figi dalleliyar motarsa, sai ji kake ƙau! Babi na gaba yana gadon asibiti, masoyiya na sharɓar kuka. Bayan shafi ashirin ya warke, mahaifinsa ya sayo masa wata sabuwa dal. Ita waccan da ta daku kuwa, ba marubuci ba mai karatu, babu wanda ke sake tambayar inda ta kwana. Ni ma haka nake karantawa in wuce, har sai da daminar 2024 ta sa na yi wata huɗu ina jigila tsakanin ofishin 'yan sanda, garejin bakanike da ofishin wani kamfanin inshora.

Motar ba tawa ba ce, ta yayana ce, ƙirar Lexus LX570, irin wadda in ta tsaya a ƙofar gida yara ke kewaye ta suna duba fuskarsu a jikinta. A farkon 2023 ya saye ta 'yar tokumbo a kan naira miliyan 50. Ranar da abin ya faru suna dawowa daga Kaduna shi da direbansa, ana yayyafi, sun wuce Zariya sun doshi Kwanar Dangora, sai wata ƙaramar mota ta yanko musu hanya. Direba ya kauce, duk da haka suka gogi juna, tamu ta bar kwalta ta wuntsila sau biyu. Cikin ikon Allah duk suka fito da rai, Yaya ya samu targaɗe a kafaɗa, direba kuma ɗinki huɗu a goshi. Motar kuwa sai janwe.

Ko da na isa wurin, jama'a sun taru, dattawan gari suna ta ba da haƙuri, mai ƙaramar motar ya durƙusa yana rawar jiki. Yaya mutum ne mai sanyin hali, ya dube shi ya ce, "Tashi Malam, ƙaddara ce, na yafe maka." Kowa ya yi ta sa masa albarka. A hanya ya dafa ni ya ce kada in damu, ai motar tana da cikakkiyar inshora, kamfani zai biya. Ni ma hankalina ya kwanta. Ashe wannan yafiya da wannan kwanciyar hankali su ne farkon wahalata.

Bari in ɗan yi wa mai karatu bayani kafin mu ci gaba. Inshorar mota a Nijeriya iri biyu aka fi sani. Akwai ƙarama, wadda doka ta wajabta wa duk mai abin hawa tun daga dokar 1945, zamanin Turawa ke nan. Ita wannan ba ta gyara maka motarka ko da fitila ɗaya, tana biyan wanda ka yi wa ɓarna ne, a jikinsa ko a dukiyarsa. Daga ranar 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, wato NAICOM, ta ɗaga kuɗinta daga naira 5,000 zuwa 15,000 ga motar gida, ta kuma ɗaga iyakar diyyar dukiya daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Sai kuma cikakkiyar, wadda ta haɗa da motarka kai kanka, in ta yi haɗari ko gobara ko an sace ta. Ita wannan hukumar ta ce kada kuɗinta ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar da aka rubuta wa motar. Yaya yana biyan miliyan biyu da rabi a shekara ke nan, ba tare da ya taɓa buɗe ambulan ɗin da takardun ke ciki ba.

Abu na farko da ma'aikacin kamfanin ya tambaye ni shi ne yaushe abin ya faru. Na ce kwana tara ke nan, muna ta fama da asibiti da 'yan dubiya. Ya buɗe takardarmu ya nuna min inda aka ce a sanar da kamfani nan take. Sannan ya jero min abin da zan kawo: rahoton 'yan sanda, lasisin direba, takardun mota, hotunan wurin da abin ya faru, bayanin direba a rubuce, da ƙiyasin kuɗin gyara. Hoto dai babu ko ɗaya sai wanda wani ɗan kallo ya ɗauka ya watsa a WhatsApp, shi na yi ta cigiya har na samu. Lasisin direba saura mako uku ya mutu, da ya riga ya mutu da wataƙila nan maganar za ta ƙare. Rahoton 'yan sanda kuwa ya ci min kusan wata guda, domin tunda an ce an yi sulhu a bakin titi babu wanda ya auna wurin ko ya zana yadda motocin suka tsaya.

Da aka zo kan yafiya, ma'aikacin ya girgiza kai ya ce, "Yallaɓai, Alhaji ya yafe abin da ba nasa kaɗai ba ne." Da farko na ji haushin maganar, daga baya na gane gaskiya ya faɗa. A ƙa'idar inshora, in kamfani ya biya ka, to haƙƙin bin wanda ya jawo ɓarnar ya koma hannunsa, shi zai je ya nemi abin da ya samu daga mai laifin ko daga kamfanin inshorarsa. In ka yafe kafin su sani, ka toshe musu hanya, suna iya kafa hujja da wannan su rage maka ko su ƙi biya. Abin da ya cece mu abin dariya ne abin takaici. Da aka bincika takardar inshorar mai ƙaramar motar, sai aka tarar ta bogi ce, irin wadda ake haɗa wa mutum a gindin bishiya a bakin ofishin sabunta takardu. Babu kamfanin da za a bi, shi kuma ba shi da abin da za a karɓa. Ko da ma ta gaske ce, me miliyan 3 za ta yi wa motar da gabanta kaɗai ya fi haka?

Ban ce yafiya laifi ba ce, Allah Ya kiyaye. Tana cikin kyawawan ɗabi'un da muka gada. Amma mutum haƙƙinsa yake yafewa. Ka yafe ciwon jikinka, ka yafe ɓacin ranka, ka hana a wulaƙanta bawan Allah a ofishin 'yan sanda, duk wannan naka ne. Maganar kuɗin mota kuwa, tunda ka sa hannu a yarjejeniya da wasu, cika alkawari ya ce ka bari su ji tukuna.

Babbar mahangurɓar tana gaba. Kamfani ya turo injiniyansa ya duba motar a gareji, ya tarar shasi ya karkace, rufi ya lotsa, jakunkunan iska duk sun fashe. Ya rubuta cewa kuɗin gyara ya kusa kamo darajar da aka rubuta mata, don haka ta tashi daga aiki, biya za a yi. Muka yi murna. Sai takardar tayi ta zo: naira miliyan 45. Yaya ya kira dillalan mota, kowa ya ce masa irinta a lokacin sai ya doshi miliyan 100.

Me ya faru? A watan Yunin 2023 gwamnati ta saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da ake sayarwa wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a watan Fabrairun 2024. Motar da daga waje ake shigo da ita, kayan gyaranta ma daga waje, dole farashinta ya bi dala, ga kuɗin kwastan shi ma ya tashi. Amma da lokacin sabunta inshora ya yi a farkon 2024, dillalin ya bugo waya ya ce, "Alhaji, a sabunta kamar bara?" Yaya ya ce a sabunta. Miliyan 50 ɗin nan ta bara aka sake rubutawa. Kamfani ba ya biyan fiye da abin da aka rubuta, komai tsadar da mota ta yi a kasuwa. Daga cikin 50 ɗin kuma aka cire kashi 10 cikin 100, wanda takardarmu ta ce mai mota ne zai ɗauka da kansa a duk asarar da ta faru. Gawar motar ma ta zama tasu, in muna son riƙe ta mu sayar wa masu kayan gyara ko 'yan gwangwan, sai an sake cire kuɗinta.

Wani abin da na gano a takardar ya fi wannan ban tsoro. Da a ce motar ba ta mutu ba, gyaran miliyan 10 kawai take buƙata, akwai sharaɗin da ya ba su damar cewa tunda rabin darajarta ka yi wa inshora, rabin gyaran za su biya. Duk wanda ya sayi babbar mota kafin faɗuwar naira bai kuma sake duba adadin da ke takardarsa ba, to ya sani rabin motarsa a waje take kwana.

To laifin wa? An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, don haka bari in fara da namu. Yawancinmu ba don kariya muke yin inshora ba, don ɗan sanda muke yi, musamman tun da rundunar 'yan sanda ta fara matsa wa masu mota a kan takardar daga 1 ga Fabrairun 2025. Mutum zai yi mako biyu yana zagaya wuraren dillalai, ya kawo bakanike ya leƙa ƙarƙashin mota, ya yi ciniki har muryarsa ta dushe, amma ba zai iya zama na sa'a ɗaya ya karanta shafukan da za su yanke hukunci a kan dukiyar tasa ba. In Turancin ya yi masa tsauri, bai rasa ɗa ko ƙane ko lauya da zai fassara masa. Ni a ganina wanda bai karanta takardar inshorarsa ba bai gama sayen motarsa ba.

Su ma kamfanonin ba zan wanke su ba. Dillalin da ya san dala ta ninka sau uku, ya san darajar motar ta tashi, me ya hana shi cewa Alhaji a sake kimanta ta? Ai da shi ma ladansa ya ƙaru. Ranar karɓar kuɗi waya ɗaya ta isa, ranar biya kuwa sai ka ga takardu na haihuwar takardu, wanda ke da fayil ɗinka kullum ya fita taro. Sharuɗɗan da suka fi cutar da mutum su ake rubutawa da ƙananan baƙaƙe. Kamfanin da ke neman kasuwa a Kano da Kaduna da Sakkwato, me zai rage shi in ya fitar da shafi ɗaya da Hausa, ya ce ga abin da za mu biya, ga abin da ba za mu biya ba, ga abin da za ka yi a ranar haɗari? Rashin wannan ne ya sa jama'a ke ɗaukar inshora a matsayin damfara mai lasisi, alhali mu dai an biya mu daidai da abin da muka sa wa hannu.

Kuma mai mota ba shi da rauni kamar yadda yake zato. Dokar inshora ta 2003, wadda ke aiki lokacin da abin ya same mu, ta ba kamfani kwana 90 ya biya bayan ya fitar da takardar sallama, in kuma ya ƙi amincewa ya faɗi dalilinsa a rubuce. A 2025 aka sa hannu a sabuwar doka da ta maye gurbinta. NAICOM kuma tana da sashen karɓar koke. Ni ban kai ga zuwa can ba, wasiƙa ɗaya na rubuta na ambaci sunan hukumar, cikin mako biyu waya ta fara shigowa daga wajensu maimakon daga wajena.

Na san wasu za su ce ai inshorar ma malamai sun yi magana a kanta. Haka ne, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba, ta taimakekeniya ita ce mafita. Irin wannan, wato takaful, a Sudan aka fara kafa kamfaninta a 1979, a Nijeriya kuma NAICOM ta fitar da ƙa'idojinta a 2013, akwai kamfanoni masu lasisi da ke yin ta. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da waccan ba ga ƙofa nan a buɗe. Sai dai ya sani can ma takarda ce, can ma akwai adadi da sharuɗɗa, in bai karanta ba abin da ya sami Yaya zai same shi.

Shawarata ga mai babbar mota da mai ƙarama duka, yau ɗin nan a ɗauko takardar daga aljihun mota. A latsa *565*11# a waya a sa lambar mota, a tabbatar ta gaske ce. A duba adadin da aka rubuta, a gwada shi da farashin kasuwa na yau. A duba kason da aka ce kai za ka ɗauka, a duba ranar da lasisin direba zai mutu. In kuma tsautsayi ya gitta, bayan an ceci rai, a ɗauki hoto kafin a janye mota, a sanar da 'yan sanda da kamfani a ranar, a jinkirta sulhun kuɗi.

Yaya ya karɓi miliyan 45 ɗinsa a ƙarshen shekarar, ya cika ya sayi wata da ba ta kai waccan ba. Ranar da dillalin inshora ya kawo sabuwar takarda, sai da ya zaunar da shi a falo, ya sa aka kira ni, muka bi ta layi-layi har aka kira sallar la'asar. Su kuma 'yan'uwana marubuta, in kun sake kifar da motar gwarzonku, don Allah a ba mu ko da shafi biyu a kan ƙanensa da ke yawo da fayil a rana. Allah Ya kiyaye mana hanya.