Wa Ke Ƙirga Gawawwakin Runduna Idan Littafi Ya Koma Waya?

Akwai wani nau'in littafin Turawa da na daɗe ina son mu tattauna a kansa, wanda mai karatu ne da kansa jarumin labarin. A 1982 wasu 'yan Ingila biyu, Steve Jackson da Ian Livingstone, suka fitar da The Warlock of Firetop Mountain, na farko a jerin da ake kira Fighting Fantasy. An yanka labarin gida 400, kowane gida da lambarsa. Idan ka zo mararraba sai a ce maka: in dama za ka bi, tafi lamba kaza, in hagu, lamba kaza. Kayan aikinka fensir ne da magogi da ƙwayoyin nan biyu masu ɗigo-ɗigo irin na wasan lido, su ne ke yanke hukunci idan faɗa ya kaure. Na san malamanmu na Malikiyya suna da magana mai nauyi a kan wasa da irin waɗannan ƙwayoyi, kuma wannan bahasi ne na masu shi. Abin da ya kawo ni yau daban ne.

A 1988 Livingstone ya rubuta Armies of Death, na 36 a jerin. A nan jarumi ya daina yawo shi kaɗai da takobinsa. Ya ci gasa, ya sami zinariya 20,000, ya ɗauki mayaƙa da ita don ya tunkari wani shaiɗani mai suna Agglax a ƙasar tatsuniya da ake kira Allansia. Wanda ya karanta Ganɗoki na Bello Kagara ba zai ji baƙunta a irin wannan duniya ba. Sabon abin shi ne lissafi: kafin kowane gumurzu sai ka gwada yawan mutanenka da na abokan gaba, ka jefa ƙwaya, ka duba jadawali, sa'an nan ka ɗauki magogi ka goge adadin da ke rubuce, ka sa wanda bai kai shi ba. Da hannunka kake rage su. Takarda tana yin baƙi saboda yawan guga, har ta kusa hujewa, kuma kana gani da idonka abin da gaggawarka ta jawo.

To, yanzu waɗannan littattafai suna ta ƙaura zuwa waya da kwamfuta. Kamfanin inkle na Ingila ya fara fitar da Sorcery! na Steve Jackson a 2013, da taswira wadda kake jan jaruminka a kanta da yatsa. Kamfanin Tin Man Games na Ostareliya ya sake gina littafin farko a 2016, daga baya ya tattara wasu a manhaja guda. Alherin wannan a fili yake. Yaron da ke Agadas ko Kumasi ko Garwa, ina zai sami littafin da aka buga tun kafin a haifi uwarsa? Ga shi yau a tafin hannunsa, yana karatu yana ƙara Turanci.

Amma ina ganin wajen yaƙin runduna ne sauƙin ya zama asara. Na'ura ita ke jefa ƙwaya, ita ke ragewa, ita ke riƙe adadi. Kafin ƙiftawar ido lamba ta canja, an wuce gaba. Mayaƙa hamsin sun faɗi, yaro bai ko tsaya ba. Duk wanda ya taɓa riƙe rajistar jama'a, yana soke sunan mamaci da alƙalaminsa, ya san cewa jin labarin rashi daban, rubuta shi daban. Littafin takarda, duk da wasa ne, yana ɗora wa mai karatu ɗan wannan nauyi na shugaba, wanda aka ba amanar rayuka kuma zai yi bayaninsu.

Akwai kuma wata amanar. Littafi ba ya da ɗan sanda. Kana iya sa yatsa a shafin da ka baro, ka leƙa gaba, in ka ga halaka ka dawo kamar ba a yi ba. Kana iya cewa ƙwaya ta ba da shida alhali ɗaya ta bayar. Ba mai ganinka sai Allah. Yaron da ya karɓi shan kashi shi kaɗai a ɗaki, ya koma lamba ta ɗaya, ya koyi abin da ba a rubuta a littafin ba. Na'ura ko dai ta toshe ƙofar maguɗi gaba ɗaya, ko ta mai da shi maɓalli halattacce na komawa baya, kuma ta kowace fuska jarrabawar ta tashi.

Masu cewa lissafin hannu wahala ce kawai suna da hujja, domin yara da yawa sun ajiye littafin saboda shi. Abin da nake nema ga masu ƙera manhajojin nan kaɗan ne: su bar zaɓi ga mai son riƙe rajistar rundunarsa da kansa, kuma bayan kowane gumurzu allon ya dakata, ya nuna waɗanda suka fita da waɗanda suka dawo, kada ya ci gaba sai mai wasa ya shigar da adadin da yatsansa.