SHARHI: A Sayi Jiragen Faiba, Amma A Tanadi Masu Gyara

Tun bayan haɗarin jirgin ruwa na Warra a Jihar Kebbi cikin 2021, da na Patigi a Jihar Kwara cikin 2023, waɗanda suka ci rayuka masu yawa, mahukunta ke ta kira da a yi watsi da jiragen katako a koma ga na faiba. Wannan kira yana bisa hanya. Sai dai akwai abin da ba a cika ambata ba, wato shi ma jirgin faiba yana tsufa, kuma akasari tsufansa kan faro ne daga allon baya, inda ake rataya inji.

Dalili kuwa shi ne, a yawancin tsofaffin jiragen, wannan allo ba faiba zalla ba ne. Katakon filawud ne aka lulluɓe da faiba ciki da waje. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To, haka ruwa ke bi ta ramukan kusoshin inji ya jiƙa katakon, ya ruɓe a ɓoye, alhali daga waje jirgin na nan fes. Alamominsa su ne tsagewa kewaye da kusoshi, da tsiyayar jan ruwa, da lanƙwasawar allon idan aka girgiza inji. In aka yi sakaci, wata rana inji kan ɓalle da allon a tsakiyar ruwa.

Gyaran bai fi ƙarfin masu sana'armu ba. Akan yanke fatar faiba ta ciki, a ƙwaƙule ruɓaɓɓen katako, a bari wurin ya bushe sarai, a manna sabon filawud mai jure ruwa da gam, a shimfiɗa ƙyallen faiba hawa-hawa, sannan a toshe kowane ramin ƙusa. Kuɗin wannan aiki bai kama ƙafar farashin sabon jirgi ba, musamman tun da darajar Naira ta faɗi a 2023, kayan waje suka yi tsada.

Wani zai ce mene ne ruwan Jos, birnin tsaunuka, da batun jirgi? Ai haƙar kuza da Turawa suka fara a farkon ƙarni na 20 ta bar tafkuna birjik a tudun Filato, ciki har da na Rayfield da ya zama wurin shaƙatawa. Ga kuma gonar kifi ta Panyam da tafkin Pandam. Daɗin daɗawa, a Jos ne hedkwatar Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, ITF, wanda aka kafa a 1971 domin samar wa ƙasa ƙwararrun hannu.

Saboda haka ya kamata ITF ta haɗa kai da Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, NIWA, su tsara kwas na gyaran jiragen faiba. Masu gyaran jikin mota na Farin Gada, da kafintocin da suka daɗe suna sassaƙa jiragen katako, su ne suka fi dacewa da wannan horo, don kada sauyin ya raba su da abincinsu.

Haka nan, duk gwamnatin jihar da za ta ba da kwangilar sayen jirage, ta sa sharaɗin horar da masu gyara da duba allon baya kowace shekara. Tun ran gini ran zane.