Ƙeyar Jariri Ba Ta Isa Shaida Kan Mai Raino Ba

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ta riga ta zama a garin, matan aure masu fita aiki ko karatu sun ƙaru a wannan yanki, daga Karofi har zuwa Kurfi. Malamar makaranta, ma'aikaciyar jinya, ɗalibar da haihuwa ta riske ta ana tsakiyar zango, kowacce sai ta nemi wanda zai riƙe mata jariri: kakarsa, ko abokiyar zama, ko 'yar raino da aka ɗauko daga ƙauye, ko gidan raino na kuɗi a cikin gari. Da wannan sauyi wani ƙorafi ya yawaita. Uwa ta koma aiki, bayan 'yan makonni ta shafa ƙeyar ɗanta ta ji ta baje, gashin wurin kuma ya zube kamar an kankare. Nan take a yanke hukunci: mai raino ce ta yasar da yaro a kwance tun safe har la'asar. Wani lokaci a sallami yarinya, wani lokaci zumunci ya yi tsami tsakanin uwa da surukarta. Ra'ayina shi ne ƙeya kaɗai ba ta isa a kama kowa da laifi ba, kuma gyaran da iyaye ke garzayawa su yi cikin fushi ya fi bajewar ƙeyar haɗari nesa ba kusa ba.

A fara da lokaci, domin a nan ruɗanin yake. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba mace hutun haihuwa na mako 12, ma'aikatan gwamnatin tarayya kuma suna samun aƙalla mako 16. Ɗaliba ba ta ma samun haka. Da yawa ana gama arba'in suke komawa aji. Wato jariri yakan shiga hannun mai raino yana da wata biyu zuwa huɗu. Wannan kuwa shi ne daidai lokacin da gashin ƙeya ke zuba a kan kansa. Gashin da yaro ya zo da shi duniya na wucin gadi ne. Na gaban kai da na gefe yakan sauya tun yana ciki, amma na ƙeya yakan jinkirta, sai wajen mako 8 zuwa 12 bayan haihuwa ya zube kusan lokaci guda, kafin sabo ya cike gurbinsa. Gogar shimfiɗa tana taimakawa wajen fizge gashin da ya riga ya saki, amma ba ita ta sa ya saki ba, shi ya sa ake ganin wannan sanƙo har ga yaran da ba su taɓa rabuwa da bayan uwarsu ba. Askin suna ma yana ƙara fito da shi: wanzami ya aske kai tas ran bakwai, gashi ya tsiro ko'ina ya yi baƙi, sai ƙeya ta tsaya fayau, ido ya faɗa kanta. Yawanci kafin yaro ya cika shekara wurin ya cike ba tare da an shafa komai ba.

Bajewar ƙashin ma tana da nata jadawalin. Ƙoƙon kan jariri faifai ne da ba su gama haɗewa ba, an bar su haka domin ya iya fitowa lokacin haihuwa, kuma domin ƙwaƙwalwa ta samu wurin girma. Kewayen kai yakan tashi daga kusan santimita 35 ranar haihuwa zuwa kusan 46 a cikar shekara. Kai mai girma da irin wannan sauri, idan kullum gefe guda ke danne a ƙasa, zai bunƙasa ta inda ya samu sarari, gefen da ke danne ya lafe. Wani bincike da aka yi a New Zealand, aka wallafa a 2004, ya bi jarirai 200 tun daga haihuwa. A wata huɗu kusan kashi 20 cikin ɗari suna da bajajjen kai. A shekara guda adadin ya sauka ƙasa da kashi 7, a shekara biyu ya koma wajen kashi 3. Wani kuma a birnin Calgary na Kanada, da aka wallafa a 2013, ya duba jarirai 440 masu mako 7 zuwa 12, ya samu kusan rabinsu da wata 'yar karkacewa, mafi yawa mai sauƙi. Kanada ƙasa ce da uwa ke iya yin kusan shekara tana hutun haihuwa, don haka waɗancan jarirai a hannun iyayensu mata suke. Abin yana kai ƙololuwa a wata huɗu, sannan ya fara ja da baya da zarar yaro ya iya juyi da zama. Akwai kuma waɗanda suka zo da shi tun daga ciki: ɗan fari, tagwaye da suka matsu, bakwaini mai laushin ƙashi, da yaron da jijiyar wuyansa ta ɗaure ta gefe guda har ya fi son kallon waje ɗaya.

Sai kuma lissafin da uwa mai fushi ba ta cika yi ba. Jariri ɗan wata huɗu yana barcin awa 12 zuwa 16 a yini da dare. Mai raino tana riƙe shi daga ƙarfe takwas zuwa biyu ko huɗu, ranakun aiki kawai. Doguwar kwanciyar tana faruwa ne da dare, a ɗakin uwa, inda sau da yawa yaro ke kwana a gefe guda na gado yana fuskantar nono kullum ta hannu ɗaya. Idan har kwanciya ce ta baje ƙeyar, kaso mafi tsoka na kwanciyar a gida aka yi shi.

Za a ce to ke nan an wanke masu raino, kowa ya yi abin da ya ga dama. A'a. Akwai sakaci na gaske, kuma yana iya ƙara bajewar kai. Mace ɗaya da aka tara wa jarirai takwas ko goma a ɗaki guda ba ta da hannun ɗaukar kowa. Abin da za ta iya shi ne ta jera su a katifa, ta bi mai kuka. Yaro mai haƙuri, wanda ba ya rigima, shi ne zai fi daɗewa a kwance, idonsa biyu, yana kallon silin. A Ingila doka ta ce babba ɗaya ga yara uku 'yan ƙasa da shekara biyu, kuma ba don ado aka sa wannan adadi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2019, ta ce jaririn da bai fara rarrafe ba ya samu aƙalla minti 30 a yini yana rub da ciki, a farke, ana kallonsa, a rarraba shi kaɗan-kaɗan. Wannan ne ke ƙarfafa wuya da kafaɗu, ya ɗauke nauyi daga ƙeya. Saboda haka uwar da ke son sanin gaskiyar rainon ɗanta tana da tambayoyin da suka fi shafa ƙeya amfani. Yara nawa ne a hannun mace ɗaya? Idan ya farka, ana ɗaukarsa ko ana barinsa? Tana iya zuwa ba zato ranar da ta tashi da wuri ta gani da idonta. Zanin da ya daɗe a jiƙe, ƙurajen gindi da ba sa warkewa, nonon da aka tatsa aka dawo da shi ba a taɓa ba, yaron da nauyinsa ya tsaya a katin awo, waɗannan su ne shaidun da ke magana. Kuma, a faɗi gaskiya, iyayen da ke neman gidan raino mafi araha sannan su yi tsammanin za a rungumi ɗansu yini guda suna neman abin da kuɗinsu bai saya ba.

Inda abin ya fi damuna shi ne umarnin da kan biyo bayan faɗan. Uwa ta ce daga yau a riƙa kwantar mata da shi rub da ciki idan zai yi barci, ko ta sayo ɗan matashin nan mai rami a tsakiya da ake tallatawa a Facebook da sunan gyaran kai. Tarihin wannan magana sananne ne. A 1992 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar a daina kwantar da jarirai rub da ciki, a 1994 aka ƙaddamar da gangamin kwanciyar rigingine a faɗin ƙasar. Mutuwar fuju'a ta jarirai cikin barci ta ragu da fiye da rabi cikin shekaru goma. A daidai lokacin bajewar ƙeya ta ƙaru ƙwarai, likitoci sun gani, kuma ba su janye shawarar ba, domin ƙeya tana gyaruwa, numfashin da ya tsaya ba ya dawowa. Wani bincike da aka wallafa a can a 2000 ya nuna kusan kashi 20 cikin ɗari na irin wannan mutuwa a hannun masu raino take faruwa, kuma haɗarin ya fi tsanani ga jaririn da ya saba kwana rigingine a gida, aka kife shi a wurin raino. Wato uwar da ta ba da wancan umarni ta jefa ɗanta cikin rukunin da ya fi kowa haɗari da bakinta. Matashin gyaran kai kuwa, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa a 2022: ba a tabbatar yana gyara komai ba, kuma yana iya toshe numfashi. Barci a rigingine, a shimfiɗa mai ƙarfi, ba matashi, ba tarin zannuwa. Rub da ciki sai ido biyu.

Kakanni za su ce su sun raini goma-goma ba su ga wannan ba, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Goyo magani ne da muka gada ba mu san darajarsa ba. Yaron da ke bayan uwarsa tana daka, tana tafiya rijiya, ƙeyarsa ba ta taɓa ƙasa, kuncinsa ke jingine, yau dama gobe hagu, wuyansa kuma yana aiki. Gidan rainon da ya ɗauki mata isassu da za su goya yara bi da bi ya fi wanda ya cika ɗaki da gadaje masu lilo da kujerun roba. Sai dai goyon ma yana da iyaka, domin ƙa'idar nan ta 2019 ta ce kada a ɗaure yaro wuri guda fiye da awa ɗaya a jere, ko a keke ne ko a baya. Yana bukatar a sauke shi ya miƙe, ya harba ƙafa. Kuma goyon babbar mace daban yake da na yarinya 'yar shekara takwas da aka cire daga makaranta aka ɗaura mata jariri da majanyi. Inda ban bi kakanni ba shi ne gasa kai da tsumma mai zafi ana matsawa wai a daidaita shi. Matsar minti biyar ba ta sauya abin da girman watanni ke yi, ƙuna kuwa tana iya samun fatar jariri nan take. Masu kuɗi ma kada su ɗauka akwai wata gajeriyar hanya a waje. A Holand an gwada hular gyaran kai a kan jarirai 84 masu matsakaiciyar bajewa zuwa mai tsanani, aka wallafa sakamakon a 2014: waɗanda suka sa hular wata shida da waɗanda aka bari haka nan, kawunansu ba su bambanta ba a shekara biyu. Abin da ke aiki kyauta ne: a riƙa sauya inda kan yaro ke fuskanta a gado, a shayar da shi ta hannu biyu, a yi masa magana ta gefen da ba ya son juyawa, a ɗauke shi idan ya farka.

Duk da haka akwai kan da bai kamata a jira shi ba, kuma hayaniyar neman mai laifi tana iya rufe shi. Idan gashi ya zube a zagaye da ɓawo ko ƙaiƙayi, wannan makero ne, yana yaɗuwa tsakanin yara, yana son magani. Idan gashin duka ya yi ja, ya yi laushi, yana tsigewa da an taɓa, ga kumburin ƙafa ko rama, tamowa ce ke sallama, kuma a jihar nan ta Katsina ba wasa ba ce: ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 suka rasu a cibiyoyinta na Katsina saboda ita a wata shida na farkon 2025. Maɗigar da ta faɗa bayan gudawa alamar ƙarancin ruwa ce a jiki, ruwan gishiri da sukari take so da asibiti, ba manna mata wani abu ba. Maɗigar da ta kumbura, ko kan da ke girma fiye da kima, na gaggawa ne. Akwai kuma yaro guda cikin kusan 2,000 zuwa 2,500 da faifan kansa ke haɗewa kafin lokaci. Ana jin tudu mai tauri a kan layin haɗin, siffar kan tana ƙara karkacewa ko me aka yi, kuma wannan aikin likitan tiyata ne. Yaron da wuyansa ya ƙi juyawa gefe guda shi ma a kai shi, domin motsa jijiyar da wuri yana warware ta.

Damar gano duk waɗannan tana hannunmu, domin uwa tana kai jariri rigakafi a mako 6, da 10, da 14, daidai watannin da ake wannan fargaba. Ma'aikatan lafiya a asibitocin Dutsin-Ma da Kurfi da ƙananan cibiyoyin ƙauyuka irin Karofi su ƙara minti biyu a kan allura: su auna kewayen kai su rubuta a kati, su juya wuyan yaro dama da hagu, su gaya wa uwa yadda zai kwanta barci da yadda zai yi wasa. Uwa kuma ta tafi da mai rainon ranar awo, su ji bayanin tare.