Shehun Malami Da Yaro Mai Son Alewa

A filinmu na watan nan mun kawo maku labarin wani shehun malami mai suna Alasdair MacIntyre, mutumin Sikotlan, ƙasar da ke arewa da Ingila. Ya rasu ran 21 ga Mayu, 2025, yana da shekara 96. Watakila wani zai ce, ina ruwan maigida da uwargida da Bature masanin falsafa? To, tambayar da mutumin nan ya yi ta bi har tsufansa ita ce wadda kowane mahaifi ke kwana da ita, watau, a ina ne mutum ya ke koyon halin kirki?

An haife shi a birnin Glasgow ran 12 ga Janairu, 1929. Uwa da uba duka likitoci ne. Shi da kansa ya faɗa cewa tun yana ƙarami labaran manoma da masunta masu harshen Gelik, tsohon harshen kakanninsa, su ne suka fara zama a kansa. Cikin labaran nan kowa ya san ko shi ɗan wanene, ya kuma san abin da ke wuyansa game da danginsa da maƙwabtansa.

Ya yi karatun Helenanci da Latin a Kwalejin Queen Mary ta Landan, ya wuce Jami'ar Manchester, inda ya soma koyarwa a 1951 yana ɗan shekara 22. A lokacin Kirista ne na ɗarikar Firesbiteriyan, yana kuma sha'awar koyarwar Karl Marx saboda wahalar da ma'aikata ke sha. Har ya taɓa shiga jam'iyyar Kwaminis, amma bai daɗe a ciki ba. Littafinsa na fari, na 1953, a kan Marx da addinin Kirista ne.

A 1956 aka tona asirin kashe-kashen da Stalin ya yi a Rasha, sojojin Rasha kuma suka murƙushe mutanen Hangare da tankokin yaƙi. 'Yan Kwaminis da yawa a Ingila suka yi tir, suka fita. MacIntyre ya yarda zalunci ne aka yi, amma sai ya tambaye su: da wane ma'auni kuka auna? In kun ce zuciyarku ce kurum ta ƙi abin, ai mai zaluncin ma zai ce tasa zuciyar ta so. Tambayar nan ba ta bar shi ya huta ba. Ya bi ƙungiyoyin magoya bayan Trotsky, ya bar su. Cikin shekarun 1960 har bangaskiyarsa ta Kirista ya ajiye.

Aikinsa ma haka ya yi ta ƙaura kamar makiyayi. Daga Manchester sai Leeds, sai Oxford, sai Essex. Wajen 1970 ya haye Amurka, ya koyar a Brandeis, da Boston, da Wellesley, da Vanderbilt, da Duke, da Notre Dame, inda ya fi daɗewa. Abin mamaki, mutumin nan bai taɓa yin karatun digiri na dakta ba, ga shi kuwa masu neman digirin ne suka riƙa zama a gabansa suna ɗaukar karatu.

Sai a 1981, yana da shekara 52, ya fitar da littafin da ya sa duniya ta san shi, mai suna After Virtue, watau bayan halin kirki ya kau. A ciki ya ce mutanen zamani suna gardama a kan yaƙi, da zubar da ciki, da rabon arziki, gardamar kuwa ba ta ƙarewa, gama kalmomi irin su adalci da hakki sun rage a bakinsu, amma rayuwar da ta ba kalmomin ma'ana ta watse. Sai ya koma ga Aristotal, tsohon masanin Helenawa, wanda ya koyar cewa hali da yi a ke samunsa, kamar yadda maƙeri ke zama maƙeri a gindin maƙera.

Ga misalin da ya bayar. A ce kana so ka koya wa yaro ɗan shekara 7 darar Turawa da a ke kira ces, shi kuwa alewa kaɗai ya ke so. Ka yi masa alkawarin alewa in ya yi wasa, da ƙari in ya ci. Muddin alewa ce a ransa, ba abin da zai hana shi maguɗi in ya sami hali. Amma wata rana yana iya ɗanɗana daɗin wasan kansa, da gwanintar tunani da ke ciki. Daga ran nan in ya yi maguɗi, kansa ya cuta.

Daga nan MacIntyre ya raba amfanin aiki gida biyu. Akwai kuɗi da suna da muƙami, waɗanda in wani ya sami da yawa sai rabon wani ya ragu. Akwai kuma gwanintar da ke cikin aikin, ko noma ne, ko gini, ko kiɗa, wadda in mutum ɗaya ya ƙaru da ita dukan jama'a sun ƙaru. Ya ce ba a samun ta biyun sai da gaskiya, da adalci, da ƙarfin hali: ka karɓi gyara daga wanda ya fi ka, ka ba kowa yabon da ya cancanta, ka faɗi kuskurenka. Ba a kuwa koyon waɗannan sai cikin mutane, a gida, da makaranta, da wurin sana'a.

Tunanin nan ya kai shi ga rubuce-rubucen Toma Akwinas, a farkon shekarun 1980 kuma ya komo ga bangaskiyar Kirista, ya shiga Ikkilisiyar Katolika. A 1999, yana da shekara 70, ya sake yin littafi inda ya gyara kansa. Ya nuna cewa masana, har da shi, sun yi ta magana kamar kowa ƙaƙƙarfa ne mai lafiya, sun manta dukanmu a goye muka fara, ciwo da tsufa kuma suna jiranmu. Don haka sanin cewa kana bukatar wasu, da kula da wanda ba zai iya sāka maka ba, su ma halin kirki ne. Littafinsa na ƙarshe ya fito a 2016, yana da shekara 87.

Ba kowa ya yarda da shi ba. Waɗansu masana sun ce begen zamanin dā ya yi masa yawa, ƙananan jama'u irin waɗanda ya ke yabo kuma ba za su iya riƙe babbar ƙasa ba. Mun ga akwai abin dubawa a maganarsu.

Amma misalin alewar nan ya taɓa mu, iyaye da malamai. Sau nawa mu kan ce wa yaro, in ka zo na ɗaya zan saya maka keke? Ba laifi a fara da haka. Sai dai in makin da ke kan takarda ne kaɗai mu ke tambaya, kada mu yi mamaki ran da aka kama shi da satar amsa. Idan ɗanku ya kawo sakamakon jarrabawa a ƙarshen zangon nan, ku zaunar da shi, ku ce ya nuna maku abu ɗaya da ya iya yanzu wanda dā bai iya ba, ku kuma tambaye shi wa ya taimaka masa, shi kuma wa ya taimaka wa. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Sai mun sadu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.