Sanin Hali Ya Fi Sanin Kama: Indiyawa Da Zaɓen Sa'a

'Yan Arewa masu neman abinci a Ikko da Fatakwal sun saba da Indiyawa. Wani direbansu ne, wani mai gadi, wani kuwa yana sarin kaya a kantinsu. Akan ji ƙorafi cewa an gama ciniki sarai, amma Ba'indiye ya ce ba zai sa hannu ba sai bayan ƙarfe kaza. Sai mutum ya zaci wulaƙanci ne. Sau da yawa ba haka ba ne, littafin kwanakinsu ya duba.

Mabiya addinin Hindu suna kiran littafin nan Panchang, wato gaɓoɓi biyar. Akwai ranar mako, da tithi, wato kwanan wata, guda 30 a kowane wata, da nakshatra, masaukan wata guda 27 a cikin taurari. Sauran biyun, yoga da karana, daga matsayin rana da wata ake lissafa su. Da waɗannan ne masanansu ke fid da sa'ar ɗaurin aure, ko tarewa, ko buɗe kanti. Har ila yau kowace rana tana da Rahu Kalam, kashi ɗaya cikin takwas na yini, wajen awa ɗaya da rabi, wanda ba su son fara sabon abu a cikinsa. Ran Litinin da hantsi yake faɗowa, ran Lahadi kuwa gab da faɗuwar rana.

Kada a ɗauka abin na ƙauyawa ne. A 1947 masu duba taurari sun ƙi ranar 15 ga Agusta, shi ya sa aka yi bikin karɓar mulkin kai da tsakar dare. A 1952 gwamnati ta naɗa kwamiti a ƙarƙashin masanin kimiyya Meghnad Saha, ya tarar da kalanda wajen 30 a ƙasar, aka fito da ta ƙasa a 1957. Kasuwar hannun jari ta Mumbai ma takan buɗe na awa ɗaya ranar bikin Diwali don neman sa'a.

To, abu biyu ne a littafin nan. Lissafin tafiyar rana da wata ilmi ne, kowa na iya gwada shi. Cewa sa'a kaza ke kawo riba kuwa, wannan imaninsu ne, ba a tilasta wa kowa ya yarda. Amma rashin yarda bai hana sani ba. Mai hankali sai ya tambayi abokin cinikinsa tun da wuri wace rana da wane lokaci suka yi masa, kada ya ɗauko mota cike da albasa daga Sakkwato ta kwana tana ruɓewa. Ranar biyan albashi da ta biyan bashi kuwa a yanke su tun farko, a rubuta, don kada taurari su zama hujjar riƙe haƙƙin talaka. Matambayi dai ba ya ɓata.